Awon Zanen Gaban Jirgin Alhaji

Ni tela ne kafin in zama ɗan kasuwa, kuma har yau idan mutum ya shigo ofishina, bakina yana yi masa sannu da zuwa, idona yana kan kafaɗarsa yana aunawa. Na kasa dainawa. A Fagge na tashi, a shagon mahaifina, ƙarar keken ɗinki a kunnena tun ban san dama da hagu ba. Daga baya harkar jakunkunan mata ta kawo ni birnin Guangzhou na China. Ina sayo su a Shiling, in tara a wani ɗan ofis a benen Tianxiu, in tura Kano. Mai tura mini kayan a shekarun nan wani dattijo ne ɗan zongon Takoradi, ƙofarsa tana kallon tawa. Yanzu ya koma Ghana, sai dai waya. Kowa a benen Alhaji yake ce masa, shi kuwa tun ranar da ya ji sana'ata ta farko bai ƙara kirana da komai ba sai Tela.

Alhaji yana da jirgin ruwa. Ba irin manyan nan da yake zuba wa kwantena ba, ɗan ƙarami ne fari mai tafiya da iska, bai fi ƙaramar bas tsawo ba. Yana ajiye shi can Nansha, inda kogin garin yake faɗaɗa ya shiga teku. Mu 'yan Kano mun sha yi masa tsiya a wurin cin tuwo. Mutum da furfurarsa da jikokinsa, ya rasa abin da zai yi da ranar Lahadi sai ya je ya zauna a tsakiyar ruwa yana jiran iska. Shi ko a jikinsa. Ya ce a bakin teku aka haife shi, amma mahaifiyarsa ta hana shi ko tsoma ƙafa, wai Bahaushe ba shi da haɗi da wannan ruwa. Ya girma yana hangen jirage daga kan tudu, ya tsufa yana loda musu kayan mutane, sai da ya haura sittin ya ce to, yanzu babu mai hana shi. Wani abokin cinikinsa ɗan China ne ya koya masa tuƙi, da zai bar garin ya sayar masa da jirgin.

Sai ga shi wata rana bayan Azahar hawan jini ya kayar da shi a bakin lif, na'urar hawa benen. Allah ya taƙaita. Ya tashi, bakinsa ya koma daidai, ƙafa ta saki, amma hannun hagu ya ƙi dawowa duka. Ya koma sa shi a aljihun jallabiya kamar mai laluben makulli. 'Ya'yansa suka tasa shi gaba da waya safe da yamma sai ya koma gida, har ya amsa musu cewa bayan babbar Sallah zai tattara. Abu ɗaya ya ce sai ya yi kafin nan. Zai fita da jirginsa shi kaɗai, yadda ya saba, ya kai bakin teku ya dawo. Ba da ni ba, ba da wani ɗan China ba. Na ce masa wannan rigima ce kawai. Ya ce ya ji, ya gode.

Irin wannan jirgi zane biyu gare shi da iska take turawa. Akwai dogon ƙarfe tsaye a tsakiya, shi ne jigo. Babban zane yana bayansa, wani mai kusurwa uku yana gabansa, maƙale da wata waya da ta taso daga hancin jirgin ta haɗe da ƙolin jigon. Na gaban ne ya lalace. Watannin da Alhaji ya yi yana jinya an bar shi a naɗe, rana da ruwan sama suna dukansa, ranar da muka je muka warware shi sai ya yage a hannuna kamar tsohon zanen gado.

Alhaji ya dubi yagewar, ya dube ni. Ya ce, "Tela, kai ne za ka auna mini sabo."

Na ce, "Alhaji, ni fa mutane nake aunawa."

"Jirgi ya fi mutum sauƙi paa. Ba shi ɓoye tumbi."

Mai ɗinka irin wannan zane wata mata ce 'yar China, ta manyanta, a saman wani bene a Panyu. Da muka shiga ni da Alhaji sai da na tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci. Ɗaki ne mai faɗi babu ginshiƙi ko ɗaya, daɓen katako mai sheƙi, fararen zannuwa shimfiɗe a ƙasa, maɗinka suna zaune cikin ramuka a daɓen, kekunansu daidai da ƙasa, zanen yana tafiya gabansu a hankali. Warin man keke ya buge ni. Na yi shekaru ban ji kewar gida kamar ta wannan lokacin ba. Na sauke buhun da na ciko da tsohon zanen, na kira ta yadda suke kiran mai shago, na ce, "Lauban, ga shi, irinsa muke so." Haka ake yi a Fagge, ka kawo tsohuwar riga a fitar maka da sabuwa. Ta taɓa buhun da ƙafa ta ce meyo, wato a'a, wannan ba shi da amfani. Alhaji ya fi ni jin yarensu, shi ya fassara mini: tsohon zane iska ta ja shi shekara da shekaru har ya saki, wanda ya kwafe shi ya kwafi ƙarya. Jirgin za a auna.

Ta zana mana kusurwa uku a takarda, ta nuna mini wuraren da zan sa tef ɗin awo. Sannan ta zuba shayi a 'yan ƙananan kofunan nan nasu, ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya karɓa da dama kaɗai. Na ga idonta ya sauka kan aljihunsa ya tashi. Ta tambaye shi zanen gaban babba yake so ko ƙarami. Babban shi ne wanda gefensa yake wuce jigo ya miƙa baya, ya rufe kusan rabin jirgin, yana kama iska ko da 'yar kaɗan ce. Amma duk sanda aka juya jirgi, sai an janyo shi gaba ɗaya ya goge jigon ya tsallaka ɗaya gefen, a naɗe doguwar igiya da sauri kafin iska ta cika shi, in ta riga ka kuwa sai kokawa. Ƙaramin yana tsayawa gaban jigo, ya tsallaka da kansa, igiyarsa gajera.

Ta ce, wa zai riƙa ja?

Alhaji ya ce, "Ni." Sannan ya juyo gare ni da Hausa, kamar ni na yi tambayar. "Babba nake so. Irin wanda ya yage. Ka taɓa ganin ɗan zongo ya fita idi da rigar yaro?"

Matar ta ɗauko buta. Ta ƙara mana shayi.

Ranar awon da safe muka tafi. Ba na manta wannan safiyar, ko da yake idan na tuno ta sai in rasa ko wani abin mafarkinsa na yi. Hazo ya kwanta a kan ruwa, fari fat, sama da kogi sun haɗe babu layi a tsakaninsu. Doguwar gadar da motoci ke bi ta fito daga cikin hazon ta sake komawa cikinsa, ba a ganin farkonta bare ƙarshenta. Can nesa wani ƙaton jirgin kwantena yana wucewa ba ƙara, kamar unguwa guda ce ta tashi tana tafiya. Alhaji ya nuna shi da haɓa ya ce wataƙila jakunkunana suna ciki. Jiragen da ke ɗaure kusa da mu suna ɗan kaɗawa, igiyoyinsu suna bugun jigo, ƙil, ƙil, ko'ina.

Ya zauna a baya, wurin sandar tuƙi, yana ba ni umarni. Na ɗaura bakin dogon tef a igiyar da ake jan zane sama da ita, na haɗa da wani siririn zare na daban, don in tef ya tsinke kada igiyar ta maƙale a ƙoli mu rasa mai hawa ya sauko da ita. Na ja. Tef ɗin ya yi ta warwaruwa daga gidansa yana hawa, ruwan ɗorawa a cikin farin hazo, har na daina ganin bakinsa. Duk rayuwata abin da na fi aunawa tsawo shi ne wani ɗan sanda mai ritaya daga Gwammaja. Yau ga ni ina auna abin da sai na ɗaga kai hulata ta faɗi. Iska ta ɗan busa, tef ya yi ciki ya fara rawa.

"Ja shi ya miƙe, Tela. Iska ya na ƙara maka tsawo."

Na durƙusa a hancin jirgin, na miƙar da tef ya bi jikin wayar, na karanta a daidai ƙarfen da ake maƙala ƙasan zane. Na rage ɗan kaɗan kamar yadda matar ta ce, saboda sabon zane ma zai ɗan saki. Na auna daga gindin wayar zuwa gindin jigo. Na auna daga ƙoli zuwa wata 'yar taya a gefen jirgi da igiyar ja take bi ta cikinta. Ruwa yana lasar katako a ƙarƙashina, gwiwata ta jiƙe, ban damu ba. Wani irin daɗi nake ji wanda na manta da shi tun da na ajiye almakashi.

Da na gama na juyo, sai na tarar Alhaji yana ƙoƙarin naɗe wata igiya. Dama tana miƙa wa hagu, hagu ta riƙe zagaye ɗaya, biyu, sai yatsun suka saki, igiyar ta zube a ƙafarsa. Ya sake. Ta sake zubewa. Ya ɗago ya ga ina kallo, sai ya mayar da ido kan wata balbela da ta sauka a kan gadar katakon da jirage ke ɗaure da ita, yana ta yabon farinta. Ni ma na yabi balbelar. Amma idona ya riga ya yi aikinsa. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka da yatsa biyu, jallabiyar tana rataye a jikinsa.

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da duk telan kirki a Fagge ya sani. Dattijo zai tashi daga doguwar jinya, ya zo da shaddarsa ta Sallah, ya ce, "A ɗinka mini da awona na da." Mahaifina zai ce to, ranka ya daɗe. Ba zai ɗauko tef ba, ba zai ce masa ya rame ba. Zai raka shi har bakin titi yana kallon bayansa, ya dawo ya rage wuya, ya ɗauke kafaɗa, ya bar faɗin babbar riga ya rufe sauran. Ranar idi dattijo zai fito tsaf, ana cewa jiki ya yi kyau. Mahaifina rufin asiri yake kiran wannan, kuma ya ce rabin sana'ar ke nan. Da shi na tashi, ban san wata hanyar ba.

Don haka da na koma Panyu ni kaɗai da awon, na ce wa matar ƙaramin za ta ɗinka. Ta dube ni, ta nuna kujerar da Alhaji ya zauna, alamar ko shi ya ce. Na girgiza kai, alamar a'a. Da ɗan yaren kasuwata da nuni da hannu na roƙe ta ta ba shi ciki sosai, ya yi kumburi, ya zama kamar babba. Dariya ta yi har da riƙe tebur. Na ji haushi, na ce a raina ke ki ɗinka kawai, ni na san dattawanmu. Na yi mata shiye-shiye, godiyar nan tasu, na sauko.

Makonnin jiran nan kusurwa uku na riƙa gani a ko'ina. A mota hanyar Shiling ina gyangyaɗi, sai in ga rufin masana'antu da allunan talla duk sun zama fararen zannuwa suna tafiya tare da mu. Wata rana da rana na kishingiɗa a kan kwalayen jakunkuna, na yi mafarkin shagonmu na Fagge ya tsinke daga layin yana tafiya a kan ruwa, mahaifina yana taka keke, ni ina riƙe da tef ɗin da ba shi da ƙarshe. Alhaji yakan leƙo ya ce, "Tela, ina rigata?" In ce tana hannu. Ban ji tsoron komai ba, gani nake na yi masa abin da ya dace kuma ba zai taɓa ganewa ba.

Abin da na manta shi ne, mai riga ba ya ganin bayansa. Shi kuwa zanen jirgi a gaban idon mai shi yake tsayawa, rana tana haska shi ta baya.

Ranar da muka kai shi jirgi iska tana busawa a hankali daga kudu. Na maƙala 'yan ƙugiyoyinsa a jikin wayar ɗaya bayan ɗaya, na ja igiya. Ya hau yana ƙara irin ta sabuwar shadda, ya buɗe. Tsawonsa ya zauna cif, ƙasa da sama, babu tattara ko ɗaya, har na fara jin alfahari. Sai na bi gefensa na baya da kallo. Ya tsaya gaban jigo, saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa shi. Ta tsakaninsu ana ganin sama, ana ganin gada, ana ganin duk inda babban zai rufe. Ko makaho ya shafa ya san ba shi ba ne.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ni ina ta gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

"Tela."

"Na'am, Alhaji."

"Har na rame haka?"

Na sunkuyar da kai kan igiyar. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Mu ma muna da teloli a zongo. Kana tsammani tsoho ba shi sani in an rage masa wuya? Ya na sani. Shiru kawai ya na yi, don kada tela ya ji kunya."

Wannan magana ta shige ni. Na tuno dattawan nan duka, ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa daga shagonmu suna godiya. Sai kunyar ta juye mini ta zama fushi, ni haka nake. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amma kai ka ce mini kai kaɗai za ka fita. Babban zane mai hannu biyu yake so. In shi kake so a ɗinko maka, in riƙa binka ina ja maka igiya har ranar da za ka hau jirgin sama. Zaɓi ɗaya."

Ya ce in kwance jirgin.

Muka fita da ɗan injin da ke bayan jirgin, muka bar matsayar jiragen, ya ce in kashe injin in ɗaga zanen bayan jigo. Shiru ya sauko. Jirgin ya ɗan jingina gefe, ruwa ya fara magana a ƙarƙashinsa, muka tafi. Ni ban taɓa son ruwa ba, amma wannan tafiya ba ta yi kama da tafiya ba, sai ka ce gaɓar ce take janyewa a hankali ta bar mu. Ya ce in zauna a tsakiya, in sa hannuwana a cinya, kada in taɓa komai ko da jirgin zai kife. Ya ɗora hannun hagu a kan sandar tuƙi, ya tura ta da gwiwar hannu da ƙugu. Hancin jirgin ya juya cikin iska. Zanen gaba ya kaɗa, ya tsallaka gaban jigon bai taɓa komai ba. Alhaji ya saki igiya ɗaya, ya cafko ɗaya da dama, ya ja sau biyu, ya danna ta a maƙalinta. Zanen ya cika. Shi ke nan.

Ya sake juyawa, ya sake, har na daina lissafi. Bai yi murmushi ba, bai ce na kyauta ba. Gumi ya jiƙa masa hula. Can sai na ga ya nufi matsayar, na ɗauka ya gaji. Ya kawo jirgin ya goga gadar katakon a hankali, zannuwan suna sama suna kaɗawa.

Ya ce, "Sauka."

"Alhaji, a bari sai wani makon mana. Ka ƙara sabawa da shi."

"Iska ya yi kyau yau. Sauka, Tela."

Na sauka da igiyar gaba a hannuna. Tsoro ya kama ni sosai. Na tuno 'ya'yansa da ke kira safe da yamma, na tuno cewa da na bi maganarsa na kawo babban, da yanzu dole ina cikin jirgin nan kusa da shi. Da hannuna na auno abin da zai sa ya iya tafiya ya bar ni. Na riƙe igiyar fiye da yadda ya kamata. Bai ce in saki ba, kallona kawai yake yi, yana jira. Na naɗe ta, na jefa masa a kan jirgin, na tura hancin da ƙafa.

Ya tafi. Na bi gadar katakon har ƙarshenta na tsaya. Jirgin ya yi ta ƙanƙancewa a kan ruwan da rana ta mayar fari, har na daina rarrabe Alhaji da sandar tuƙi, sai fararen zannuwan biyu kawai, sun nufi inda kogi ya ƙare. Akwai wani ginshiƙin alama can a tsakiyar ruwa, na san dole ya juya kafin ya kai shi, in ba haka ba ya shiga hanyar manyan jirage. Na zuba ido, bakina yana ta salati ban sani ba. Ya matso ginshiƙin, ya ƙara matsowa. Sai na ga ɗan farin zanen gaba ya kaɗa, ya rasa iska, ya tsallaka ɗaya gefen, ya tsaya yana rawa. Sannan ya miƙe ya cika.

Na zauna a kan katakon na yi kuka, wani ɗan China mai wankin jirgi yana kallona.